Abul A'ala Maududi: Malamin da ya tsallake hukuncin kisa

An haifi Sayyid Abul A'ala Maududi a birnin Aurangabad na Indiya ranar 25 ga Satumba, 1903. Da aikin jarida ya fara, kafin ya kafa Jama'atul Islami a Lahore a 1941.

A shekarar 1953 ya kusa rasa ransa. Malamai a lardin Punjab na Pakistan suka tayar da zanga-zanga, suna neman gwamnati ta ayyana cewa 'yan Ahmadiyya ba Musulmi ba ne, ta kuma sauke ministan harkokin waje, Zafarullah Khan, wanda ɗan ƙungiyar ne. Gwamnatin Khawaja Nazimuddin ta ƙi. Da tarzoma ta ƙazanta, aka kafa dokar soja a Lahore ranar 6 ga Maris ƙarƙashin Janar Azam Khan. Sojoji suka buɗe wuta, aka yi asarar rayuka.

Maududi ba shi ne jagoran taron kan tituna ba, amma wani ƙaramin littafi da ya rubuta kan batun ya sa kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa. Ya ƙi roƙon afuwa. Matsin lamba daga gida da waje ya sa aka mayar da hukuncin zuwa ɗauri, aka sake shi a 1955.

Majalisar dokoki ta amince da buƙatar malaman a 1974. Maududi ya rasu a Buffalo ta Amurka ranar 22 ga Satumba, 1979, aka binne shi a Lahore. Sai a 1986 Pakistan ta tanadi hukuncin kisa kan ɓatanci ga Manzon Allah (SAW).