John Snow: Likitan da ya bar ɗakin tiyata ya bi sawun kwalara da taswira

A ƙarshen watan Agusta na shekarar 1854 cutar amai da gudawa ta ɓarke a unguwar Soho da ke tsakiyar birnin Landan. Cikin kwana goma kacal ta kashe mutum kusan 500. Hukumomi da manyan likitoci sun haƙiƙance cewa gurɓatacciyar iska da warin bola ne ke kawo cutar. Wani likita ɗan shekara 41 mai suna John Snow bai gamsu da haka ba, sai ya karɓi jerin sunayen mamata ya shiga bin gidajensu ɗaya bayan ɗaya.

An haifi Snow a birnin York na ƙasar Ingila ranar 15 ga Maris, 1813, shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya tara na wani lebura. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon aiki wurin wani likita a Newcastle. A can ya fara arba da kwalara a 1832, lokacin da aka tura shi jinyar masu haƙar gawayi a Killingworth. A 1836 ya koma Landan neman ilimi, ya kuma samu digirin likitanci a 1844.

Sauyin farko a aikinsa ya zo ne bayan an fara amfani da maganin sa barci wajen tiyata a 1846. A wancan lokaci da ka ake ba marasa lafiya maganin, wani ya farka ana tsakar yanka, wani ya wuce ke nan. Snow ya ƙera na'urar shaƙa, ya yi ta gwaji yana auna adadin da jiki ke iya ɗauka. Sunansa ya kai fada, har ya shaƙa wa Sarauniya Victoria maganin a haihuwarta ta 1853 da ta 1857.

Sanin da ya yi wa iska da numfashi ne ya sa shi shakkar ra'ayin takwarorinsa. Idan da ta hanci kwalara ke shiga, da huhu za ta fara taɓawa, amma ita hanji take kamawa. A 1849 ya wallafa ɗan littafi yana cewa ana haɗiyar cutar ne, musamman a ruwan da ya gauraya da bahayar mai ciwo. Kaɗan ne suka saurare shi.

Annobar Soho ta ba shi damar gwada wannan ra'ayi. Ya gano cewa yawancin mamatan na ɗibar ruwa ne a famfon tuƙa-tuƙa na titin Broad. Ya kuma bibiyi waɗanda ba su dace da lissafin ba. Wani gidan gajiyayyu da ke kusa yana da mazauna 535, amma biyar ne suka mutu, domin suna da rijiyarsu. Wata bazawara da ke zaune can nesa a Hampstead ta mutu, bincike ya nuna ana kai mata ruwan wannan famfo saboda tana son ɗanɗanonsa. Ranar 7 ga Satumba ya gabatar da hujjojinsa ga mahukuntan yankin, washegari aka cire mariƙin famfon. Shi kansa ya amince cewa cutar ta riga ta fara lafawa kafin nan, domin jama'a da dama sun tsere daga unguwar.

Taswirar da ta ɗaukaka sunansa daga baya ya zana ta, don ya gamsar da masu musu. Ya sa baƙin layi ɗaya a madadin kowane mamaci a daidai gidansa, ya nuna inda kowane famfo yake. Duk mai ido ya ga yadda layukan suka yi cincirindo a kewayen famfo guda. Wani limamin coci, Henry Whitehead, ya shiga binciken da niyyar ƙaryata shi, amma ya ƙare da gano tushen: an zuba ruwan wankin tsumman wata jaririya mai ciwo a ramin masai da ke dab da rijiyar famfon.

Aikinsa mafi girma ya shafi kamfanonin ruwa biyu da ke sayar wa gidajen kudancin Landan. Kamfanin Lambeth ya mayar da wurin ɗibar ruwansa saman Kogin Thames, nesa da ƙazantar birni, shi kuwa na Southwark da Vauxhall ya ci gaba da ɗiba a inda magudanan bahaya ke zuba. Da taimakon alƙaluman William Farr na ofishin rajistar mace-mace, Snow ya nuna cewa a kowane gida 10,000 mutum 315 suka mutu cikin masu shan ruwan kamfani na biyu, 37 kuma cikin masu shan na Lambeth.

Duk da haka hukumar lafiya ta yi watsi da bayaninsa, aka ma mayar da mariƙin famfon. Karɓar maganarsa na nufin amincewa cewa ana shayar da talakawa najasa, kuma gyaran na buƙatar kuɗi masu yawa. Snow ya rasu ranar 16 ga Yuni, 1858, yana da shekara 45, sakamakon shanyewar ɓarin jiki. A bazarar wannan shekara warin kogin ya addabi 'yan majalisa a zaurensu, sai ga shi an amince da kuɗin gina manyan magudanai. Abin da mutuwar dubban talakawa ba ta sa an yi ba, ɗoyin da ya kai ga hancin manya ya sa an yi. Farr kansa sai a annobar 1866 ya sallama cewa ruwa ne sila.

Rayuwar Snow ta nuna cewa mai sauya fage ba ya zubar da abin da ya koya a baya: awon da ya saba da shi a ɗakin tiyata shi ya kai titi. Ta kuma nuna cewa taswira ba ta wuce ingancin bayanan da aka tattaro da ƙafa ba. Wannan hanya ce ma'aikatan rigakafin shan inna suka bi a arewacin Najeriya, inda hotunan tauraron ɗan'adam suka fito da ƙauyukan da babu su a tsofaffin taswirori. Sai dai a 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, shekara 167 bayan cire mariƙin famfon titin Broad. An san inda cutar take da hanyar da take bi; abin da ya rage shi ne gwamnatin da za ta kai ruwa mai tsabta.