Ɗan Kasuwan da Ya Ga Abin da Ido Ba Ya Gani

An haifi Antonie van Leeuwenhoek a garin Delft, ƙasar Holan, cikin shekara ta 1632. Bai yi jami'a ba, sana'arsa sayar da yadi ce. Amma ya koyi goge ƙananan gilasai masu ƙara girman abu, waɗansu fiye da sau 200.

A 1674 ya duba ɗigon ruwan tafki, sai ga ƙananan halittu suna iyo a ciki. Ya rubuta wa masanan Landan, suka yi shakka, sai da suka gani da idonsu. A 1680 suka karɓe shi cikin ƙungiyarsu.

A 1683 ya kankaro dattin haƙoransa ya duba, ya tarar da waɗansu halittun suna ta motsi. Bisa ga lissafinsa, na bakinsa kaɗai sun fi dukan mutanen ƙasarsa yawa! Su ne muke kira bakteriya.

Ya rasu a 1723 yana da shekara 90. Sai daga baya aka gane cewa waɗansunsu suna kawo cuta. Don haka ɗalibai, ruwa ya yi garau ba shi ne tsabta ba. A tafasa shi, a kuma wanke baki.