Shu'aibu Amodu: Kocin da ya maido da kofi Arewa, aka hana shi zuwa gasar duniya har sau biyu

A garuruwan bakin iyaka irin su Kurni da Matamaye, inda Daura da Kano suka fi Yamai kusa, masoya ƙwallon ƙafa sun daɗe suna bibiyar wasannin Najeriya tamkar na gida, da can ta akwatin rediyo, yanzu kuma a gidajen kallo. Da wuya a samu wanda ya haura shekara 40 a cikinsu bai san sunan marigayi Shu'aibu Amodu ba. Shi ne mai horaswar da ya kai Super Eagles gasar cin kofin duniya har sau biyu, amma ko sau ɗaya ba a bar shi ya jagorance ta a can ba. Sai dai tun kafin wannan, ya riga ya yi suna a gasar cin kofin ƙasa, wadda ake bugawa sili ɗaya ƙwale.

Daga karayar ƙafa zuwa benci

An haifi Amodu ranar 18 ga Afrilun 1958, kuma asalinsa mutumin Okpella ne da ke jihar Edo ta yanzu. Ya fara ne a matsayin ɗan wasan gaba, ya buga wa ƙungiyar Dumez da kuma Niger Tornadoes ta Minna. Karayar ƙafa ce ta raba shi da taka leda da sauran ƙuruciyarsa, daga nan ya koma horaswa.

Ƙungiyar da ta fito da shi ita ce BCC Lions ta garin Gboko, a ƙasar Tibi da ke jihar Binuwai. Kamfanin siminti na garin ne ya mallake ta, shi ya ba ta sunansa. Binuwai na cikin tsohuwar Jihar Arewa, don haka duk nasarar da ƙungiyar ta samu akan lissafa ta a cikin rabon Arewa.

Shekara 36 ana jira

An fara gasar cin kofin Najeriya a 1945 da sunan Kofin Gwamna, daga baya aka fi saninta da Challenge Cup. Tsarinta ɗaya ne da na Kofin Nijar ko Kofin Faransa: ba a tara maki, wanda aka doke ya tattara nasa ya nasa. A gasar lig, ƙungiya mai kuɗi da yawan ƴan wasa kan farfaɗo bayan ta yi tuntuɓe. A gasar kofi kuwa rana ɗaya ce, kuma a nan ake gane kocin da ya iya karanta abokin karawa.

Ƙungiyar Kano ta ɗauki kofin a 1953. Tun daga lokacin bai sake kwana a Arewa ba. Ƙungiyoyin Jos sun sha kaiwa wasan ƙarshe suna komawa gida hannu rabbana, har aka riƙa ɗaukar abin kamar wani baki aka yi wa yankin. A 1989 Amodu, yana ɗan shekara 31, ya kai BCC Lions wasan ƙarshe, ta doke Iwuanyanwu Nationale ta Owerri da ci 1-0. Da wannan ƙwallo guda aka kawo ƙarshen jiran shekara 36.

Cin kofin ƙasa ya ba ƙungiyar kujera a gasar Afirka ta masu riƙe da kofunan ƙasashensu. A 1990 BCC Lions ta kai wasan ƙarshe, ta lallasa Club Africain ta Tunisiya da ci 3-0 a gida, aka tashi 1-1 a can, ta ɗauko kofin nahiyar zuwa Gboko. A shekarar da ta biyo ta sake kaiwa wasan ƙarshe, amma Power Dynamos ta Zambiya ta ƙwace shi.

Daga nan ƙofa ta buɗe wa Arewa. A 1991 ƙungiyoyin yankin biyu ne suka haɗu a wasan ƙarshe, inda El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke Kano Pillars da ci 3-2. A 1992, ƙarƙashin Amodu, El-Kanemi ta riƙe kofin bayan ta ci Stationery Stores ta Legas 1-0. Ya koma Gboko, inda a 1994 BCC Lions ta haɗa lig da kofi a kaka ɗaya. Tsakanin 1989 da 1994, sau 5 cikin 6 kofin yana zuwa Gboko ko Maiduguri. A 1996 kuma ya kai Shooting Stars ta Ibadan wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, Zamalek ta Masar ta yi nasara da bugun fenariti. Ya kuma horar da Orlando Pirates a Afirka ta Kudu.

Mai kashe gobara

A ƙarshen 1994 aka fara damƙa masa Super Eagles, bayan tafiyar Clemens Westerhof ɗan ƙasar Holan. A watan Nuwamban shekarar ya jagorance ta a filin Wembley, Ingila ta ci 1-0. Bai daɗe a kujerar ba. Daga nan ya zama wanda hukumar ƙwallon ƙasar ke nema duk lokacin da gobara ta tashi, a sallame shi da zarar wuta ta lafa.

Mafi girman gobarar ita ce ta 2001. Saliyo ta doke Najeriya 1-0 a Freetown, Laberiya ta George Weah na kan gaba a rukuni, aka kori Jo Bonfrere. Wasa 3 suka rage lokacin da Amodu ya karɓi aiki, tare da Stephen Keshi da Joe Erico a matsayin mataimaka. Ya ci Laberiya 2-0, ya bi Sudan har gida ya zuba mata 4-0, ya rufe da Ghana 3-0, ba tare da an jefa masa ƙwallo ko ɗaya ba. Najeriya ta wuce da tazarar maki 1, shi kuma ya zama ɗan ƙasa na farko da ya samo mata tikitin gasar duniya.

A gasar CAN ta 2002 a Mali, Senegal ta fitar da Najeriya da ci 2-1 a wasan kusa da na ƙarshe, ta ƙare a matsayi na uku. Ga kuma takun-saƙa tsakanin manyan ƴan wasa da jami'an wasanni. Aka sallami Amodu da mataimakansa, aka ba Festus Onigbinde. A Koriya da Japan, Najeriya ta dawo da maki 1 kacal daga wasa 3.

A 2008 aka sake kiransa bayan Berti Vogts na Jamus. Ya ci duka wasanni 6 na zagayen farko. Zagaye na biyu ya zo da wuya, sai a ranar ƙarshe, 14 ga Nuwamban 2009, Najeriya ta doke Kenya 3-2 a Nairobi yayin da Mozambik ta kayar da Tunisiya. A CAN ta 2010 a Angola, Ghana ta tare masa hanya da ci 1-0, ya sake ƙarewa na uku. A watan Fabrairu aka cire shi, aka ɗauko Lars Lagerbäck daga Suwidin. Shi ma maki 1 ya kawo daga Afirka ta Kudu.

Masu sukarsa sun riƙa cewa wasansa ba ya ƙayatarwa, ya fi damuwa da tsare gida, kuma ba zai iya da manyan ƙasashe ba. Gaskiya ne ƙungiyarsa ta 2009 da kyar take cin wasa. Amma dabarar da ta ba shi kofuna ke nan: a hana abokin karawa sakat, a nemi ƙwallo guda, a wuce. Kofunan ƙasar da ya ci a 1989 da 1992 duk da 1-0 ne. Waɗanda aka kawo don su fi shi kuwa ba su ci wasa ko ɗaya ba a gasar duniya.

Ba shi kaɗai ba

Abin da ya samu Amodu sananne ne a nahiyar. Keshi ya kai Togo gasar duniya ta 2006, aka maye gurbinsa da Otto Pfister na Jamus kafin a tafi. A Nijar ma, Harouna Doula ne ya kai Mena gasar CAN karon farko, har hukumar CAF ta zaɓe shi gwarzon kocin 2011. Amma da aka je gasar ta 2012, bayan Gabon ta ci Mena 2-0 a wasan farko, Bafaranshe Rolland Courbis da aka kawo a matsayin mai ba da shawara ne ya karɓi ragamar. Ɗan gida ya yi noma, baƙo ya zo girbi.

Amodu bai juya wa ƙasarsa baya ba. A 2013 aka naɗa shi daraktan fasaha na ƙungiyoyin ƙasar. A Oktoban 2014 hukumar ta ba shi riƙon ƙwarya a madadin Keshi, amma aka maido da Keshi kafin ya jagoranci wani wasa.

Ranar 7 ga Yunin 2016 Keshi ya mutu a birnin Benin. Kwana 3 tsakani, a daren Juma'a 10 ga watan, cikin azumin Ramadan, Amodu ya yi kukan ciwon ƙirji a wannan birni, ya kwanta bai tashi ba. Yana da shekara 58. An yi jana'izarsa a Okpella kamar yadda addinin Musulunci ya tanada.

Bai taɓa zama a bencin Super Eagles a gasar duniya ba. Amma kofunan da ya kai Gboko da Maiduguri a fili ya ci su, babu wani zaman hukuma da ya iya karɓe su daga hannunsa. Allah Ya jiƙansa da rahama.