Alhaji Muhammadu Dikko da Tsarin Gundumomin Katsina

An haifi Muhammadu Dikko a cikin 1865, ɗa ne ga Durbin Katsina Gidado, daga zuriyar Sulluɓawa. Ya tashi cikin yaƙe-yaƙen Katsina da Maraɗi, kuma yana riƙe da sarautar Durbi lokacin da Gwamna Lugga ya iso Katsina a 1903.

Turawa sun tuɓe Sarki Abubakar, suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi a 1906. Daga nan ne baturen mulki Palmer ya tsaya a kan a ba Durbi sarauta. Wannan shi ya fitar da gadon sarautar Katsina daga gidan Dallazawa, abin da bai yi wa manyan birni da dama daɗi ba.

Aikin da ya tarar ba ƙarami ba ne. A da hakimai suna zaune cikin birni, garuruwansu a warwatse, jakadu ke kawo musu haraji. A sabon tsari aka haɗa ƙauyuka maƙwabta suka zama gunduma guda mai iyaka, aka umurci hakimi ya koma ya zauna tsakiyar talakawansa, dagatai suna ƙarƙashinsa. Shi ya sa aka san Kaura da Rimi, Durbi da Mani, 'Yanɗaka da Dutsinma. An kuma buɗe Baitulmali, wanda ya zama abin koyi ga sauran En'e na Arewa, sarki da hakimai suka koma karɓar albashi. Tsarin ya rage zaluncin jakadu, amma ya sauƙaƙa wa Turawa ƙirga mutane da tara haraji.

A zamaninsa ƙasar Katsina tana cikin Lardin Kano har 1926, sa'an nan aka mai da ita Lardin Zazzau. A 1934 aka haɗa ta da Daura suka zama Lardin Katsina, wanda a kan iyakokinsa aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987.

Ya yi aikin hajji a 1921, ya ziyarci Ingila, kuma a zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina. Ya rasu a 1944 bayan kusan shekara 38 yana sarauta, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Allah ya jiƙansa, amin.