Rabilu Musa Ibro: Gandiroban Da Ya Ajiye Kaki Ya Zama Sarkin Barkwanci

A cikin jerin tarihin taurarinmu da suka riga mu gidan gaskiya, yau mun zo kan mutumin da ko sunansa kawai aka ambata sai ka ga mutane sun fara murmushi, wato marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda duniya ta fi sani da Ibro ko Ɗan Ibro.

Yawancinmu da finafinansa muka tashi, amma ba kowa ne ya san cewa kafin ya zama Ibro, cikakken ma'aikacin gwamnati ne mai kaki da albashi ba. Gandiroba ne. Ya ajiye aikin ya rungumi sana'ar da a wancan lokacin mutane da yawa ke kallonta a matsayin ta marasa aikin yi. Wannan ɓangaren na rayuwarsa nake so mu fi tsayawa a kai, musamman ku 'yan uwa da ke sammako daga Ɗorayi zuwa kamfanonin Sharaɗa, Challawa da Bompai, jiki na bakin inji amma zuciya na can wajen waƙa ko fim.

Haihuwa da karatu

An haifi Rabilu Musa a shekarar 1971 a garin Ɗanlasan da ke ƙaramar hukumar Warawa a jihar Kano. A nan ya yi firamare, daga baya ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. Ku riƙe wannan tashin nasa na karkara da kyau, domin shi ne jarin da ya ci abinci da shi har ƙarshen rayuwarsa. Yadda baƙauye ke tafiya, yadda yake ciniki a kasuwa, yadda yake zare ido idan ya shigo birni, yadda yake musu da matarsa a tsakar gida, duk ba a littafi Ibro ya karanto su ba. A cikinsu ya girma.

Shekara takwas cikin kaki

A 1991 ya shiga aikin gidan yari, wanda yanzu ake kira hukumar gyaran hali. Ya yi shekara takwas a ciki.

To, duk wanda ya san aikin gandiroba ya san ba wurin dariya ba ne. Ƙirga fursunoni safe da yamma, buɗe ƙofa da kulle ƙofa, dutin dare, raka masu jiran shari'a kotu, sara wa na gaba da kai ko kana so ko ba ka so. Fuska a ɗaure ake son ganinka, domin idan ka cika fara'a sai a ce za a raina ka. Shi fursuna yana da ranar fita, amma gandiroba kullum sai ya dawo cikin katangar nan. Yanzu ku kwatanta mutumin da Allah ya hore wa baiwar sa jama'a dariya, a ce wai a nan zai ƙare ƙuruciyarsa har ya kai fansho.

Amma fa kada mu manta da yanayin da Kano take ciki a shekarun. Tun bayan shirin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta kawo a 1986, darajar naira ta yi ta faɗuwa. Ga matsalar wutar NEPA, ga kayan waje masu araha suna ta kwararowa kasuwa. Masaƙu da sauran masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa, waɗanda suka ciyar da dubban gidaje, suka fara rage ma'aikata, wasu ma suka rufe gaba ɗaya. A irin wannan lokacin, aikin gwamnati ko albashinsa bai taka kara ya karya ba, zinare ne. Wata ya yi ka karɓa, ka tsufa a ba ka fansho, ka je neman aure a ce ai ma'aikaci ne. Wanda ya ce zai bar wannan ya koma wasan kwaikwayo, kun san irin kallon da za a yi masa a gari.

Shigarsa fim

Ita kanta harkar fim ɗin a lokacin jaririya ce. A 1990 ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko a Kano. Ko sunan Kannywood ɗin ma sai a 1999 ya bayyana a mujallar Tauraruwa. Babu wani tabbas, babu albashi, kaset ne kawai za ka buga ka kai wa 'yan kasuwa a Bata ko Ƙofar Wambai, ka koma gida kana addu'a.

Fim ɗin da ya fara fito da Ibro shi ne 'Yar Mai Ganye, a wajen 1997. Ku ɗan yi lissafi a nan. Ya shiga aiki a 1991, ya yi shekara takwas, kenan lokacin da fim ɗin ya fito bai riga ya tuɓe kaki ba. Ma'ana ba wai ya tashi da safe ne ransa a ɓace ya jefar da aiki ba. Sai da ya gwada, ya ga jama'a sun karɓe shi, ya ga kaset na tafiya, sannan ya saki reshe bayan ya tabbatar abin da ya kama ba ganye ba ne.

Sarkin camama

A Kannywood ta wancan zamanin akwai manyan ɓangarori biyu. Akwai finafinan soyayya masu waƙa da rawa irin na Indiya, waɗanda Sangaya ya ƙara wa kasuwa a ƙarshen shekarun 1990. Sai kuma camama, wato finafinan barkwanci masu ƙaramin jari, waɗanda galibi a ƙauye ko a unguwa ake ɗaukarsu cikin 'yan kwanaki, kuma yawancin maganar a take ɗan wasa ke ƙirƙiro ta. 'Yan gayu na ɗan raina camama, amma ita ce abincin direbobi, masu shayi, leburori, matan aure a cikin gida da yara.

Nan Ibro ya kafa sarautarsa. Har ta kai sunansa kaɗai ya zama tallar fim: a rubuta Ibro a gaba, a ƙara kalma ɗaya a baya, shi kenan an gama ciniki. Ibro Ɗan Fulani, Ibro Police, Ibro Aloko, Ibro Angon Hajiya, ga su nan ba iyaka. Kasuwarsa ba ta tsaya a Arewa ba, ta kai Nijar, Ghana, Kamaru da duk inda ake jin Hausa.

Abin da ya bambanta shi shi ne, duk abin da duniya ke yayi sai ya ɗauko shi ya sa masa hular Bahaushe. Da mawaƙin Kongo Awilo Longomba ya tashi, sai ga Ibro Awilo. Da finafinan Indiya suka cika gari, sai ga Ibro Ɗan Indiya. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka, lokacin da sunan Usama bin Laden ke bakin kowa, sai ga Ibro Usama, fim ɗin da ya jawo masa suka daga wasu malamai. Daga baya kuma ya yi Ibro Saddam. Kai, mutumin nan kamar gidan rediyo ne mai zaman kansa, labaran duniya yake fassara wa talaka da yaren dariya. Ga shi kuma da waƙoƙin barkwanci a cikin finafinansa, waɗanda har yau suke yawo a wayoyin mutane.

Idan ka lura da kyau, yawancin rawar da yake takawa ta ƙaramin mutum ce mai son ya nuna wa duniya shi ma wani ne, ya ƙulla dabara, dabarar ta juye a kansa. Muna yi masa dariya ne saboda mun san mutumin. Maƙwabcinmu ne, kawunmu ne, wani lokacin ma mu ne da kanmu.

Tsohon gandiroba ya koma gidan yari

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi taɓa zuciya. A 2007, bayan abin kunyar nan na bidiyo da ya girgiza masana'antar, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai ta jihar Kano. Aka tsaurara dokoki, aka riƙa gurfanar da 'yan fim a kotun tafi-da-gidanka. Adam A. Zango ya sha ɗauri, haka ma Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama.

A watan Oktoban 2008 abin ya zo kan Ibro. Kotu ta yanke masa ɗaurin wata biyu tare da abokin aikinsa Lawal Ƙaura, bisa tuhumar gudanar da kamfani ba rajista da kuma rawar da aka ce ba ta dace ba a fim ɗin Ibro Aloko. Mutumin da ya shekara takwas yana riƙe da makulli, yau shi ake kulle wa ƙofa. Wanda ya saba ƙirga fursunoni, yau shi ake ƙirgawa.

Wani da ya fito sai ya ce ya tuba da fim har abada, ya je ya nemi wani abin yi. Ibro da ya fito, gaban kyamara ya koma, ya ci gaba da abin da ya iya har lokacin da jiki ya gaza. A wajena wannan ita ce babbar shaidar cewa ba kwaɗayin suna ne kawai ya raba shi da kaki ba. Sana'ar ce a jininsa.

Rasuwarsa

Allah ya yi wa Rabilu Musa Ibro rasuwa ranar Laraba 10 ga Disambar 2014, bayan ya sha fama da ciwon ƙoda. Bai haura shekara 43 a duniya ba. Ya bar mata da 'ya'ya, ya kuma bar giɓin da har yau ake magana a kai. Muna da gwanayen barkwanci irin su Bosho, Daushe da Naburaska, kowa da salonsa, amma duk wanda ya taso a wannan layin sai an auna shi da ma'aunin Ibro.

Abin da ya rage mana

'Yan uwa, ban kawo wannan tarihin don in ce gobe kowa ya je ya ajiye aiki ba. Wallahi a halin da ake ciki, mai aikin kamfani ko na kwantiragi ne ya gode wa Allah. Kuma gaskiya ɗaya ce, harkar fim da waƙa ba ta da fansho, ga masu satar fasaha, ga taurari nawa muka gani sun tsufa ko sun kwanta ciwo sai an yi musu gidauniya. 'Yancin da Ibro ya zaɓa bai hana shi shan suka ba, bai hana shi kwanan kurkuku ba.

Amma akwai darasi ga wanda yake jin aikin da yake yi na cinye masa rai, ya tafi da asuba ya dawo bayan isha, ba ya ganin 'ya'yansa sai suna barci. Ibro ya fara gina sana'arsa ne tun albashi na shigowa. Bai ari muryar kowa ba, bai ce sai ya zama ɗan gayun birni kafin a kalle shi ba, ƙauyancin da wasu ke ɓoyewa shi ya fito da shi kasuwa. Sannan ya bari jama'a suka yi masa alƙalanci kafin ya yanke shawara. Yau da waya ɗaya a hannu za ka iya gwada abin da shi sai da kyamarar haya da kaset ya gwada. Ranar hutunka ta ishe ka fara shiga situdiyo ko haɗa ɗan gajeren barkwanci, ka ga ko akwai masu so.

Da Rabilu Musa ya zauna a cikin kaki, wataƙila da ya kai babban muƙami, ba laifi ba ne, aiki ne na halal. Amma da miliyoyin mutanen da ya yaye wa baƙin ciki na awa ɗaya bayan wahalar yini ba su san shi ba.

Allah ya jiƙan Rabilu Musa Ibro, ya yafe masa kurakuransa, ya albarkaci zuri'ar da ya bari. Mu kuma Allah ya haɗa mu da sana'ar da za mu ci halal a cikinta da kwanciyar hankali, ya sa mu cika da imani. Amin.