George Muller, Uban Marayun Biristol

A cikin 1805 aka haifi George Muller a ƙasar Jamus. Ƙuruciyarsa ba abin yabo ba ce, gama da sata da caca ya tashi, har aka ɗaure shi yana ɗan shekara 16 saboda bashi. A 1825 ya tuba, ya riƙi addinin Kirista da gaske, sa'an nan ya ƙaura Ingila ya zama mai wa'azi.

A birnin Biristol ya buɗe gidan marayu cikin 1836, ya fara da 'yan mata 30. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ƙa'idar da ya ɗora wa kansa, watau ba ya roƙon kowa ko anini, ba ya cin bashi, Allah kaɗai yake kai wa kukansa. Ya gaskata alherin Allah ba ya ƙarewa, ciyad da mayunwaci kuwa wajibi ne. Sau da yawa akan wayi gari babu ko loma a gidan, kafin lokacin cin abinci sai ga gudummawa ta iso. Duk wanda ya taɓa riƙe ma'aji ya san wuyar wannan sha'ani, amma Muller bai bar kwabo ya shige ba tare da an rubuta shi ba.

Ya zuwa 1870 gidajen sun kai 5, masu ɗaukar yara wajen 2,000, ana ciyad da su, ana koya musu karatu da sana'a. Ya rasu a 1898 yana da shekara 92, bayan ya reni marayu fiye da 10,000.