Sultan Mai Wurno: Ɗan Sarkin Musulmi da ya taka daga Burmi zuwa bakin Nilu

Tsakanin Kano da Hartum, babban birnin Sudan, akwai tazarar kimanin kilomita 2,600 idan aka miƙe ta sama, tafiyar da jirgi kan cinye cikin awa huɗu ko ƙasa da haka. Marigayi Muhammadu Bello Mai Wurno shekara uku ya yi yana tafiya gabas a ƙasa, da mata da yara da tsofaffi a bayansa, kafin ya ga ruwan Nilu.

Shi dai Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ne, jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta wajen Abubakar Atiku. Bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, mahaifinsa ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya ɗaura niyyar hijira zuwa Makka, jama'a kuwa suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa. Turawa suka cim musu a Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, inda Attahiru ya yi shahada ranar 27 ga Yulin 1903. Daga nan ɗansa ya ja ragowar jama'ar.

Duk bafataken da ya taɓa fita ayari ya san ba a auna irin wannan hanya da kilomita, da rijiya ake auna ta. Sun ratsa ƙasashen Chadi, Darfur da Kordofan, kuma al'adar mahajjatan ƙasa ita ce idan guzuri ya ƙare a yada zango a yi noma ko ƙwadago, damina ta wuce a ɗaura kaya. A 1906 suka sauka Shaikh Talha a gaɓar Nilul Azraƙ, daga baya suka ƙetara ruwa suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, kudu da Sinnar kaɗan.

Abin mamaki, Turawan da suka guda a gida su suka tarar suna mulkin Sudan tare da Masar. Sai dai Mai Wurno bai sake zare takobi ba. Ya zauna da su lafiya, su kuma suka amince masa da sarautar Sultan a kan mutanensa. Wasu na iya ganin sassauci ne, amma wanda ya ga abin da ya faru a Burmi, ga kuma bakuna masu yawa a wuyansa, da wuya a zarge shi.

Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, sai garin ya zama masaukin Hausawa da Fulani masu niyyar hajji. Su tsaya su yi aikin auduga su tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda. Da yawa ba su ƙarasa ba, wasu sun je sun dawo sun zauna, ƙauyukansu suka bazu a gaɓar kogin.

Yana raye jirgin sama ya fara bin hanyar da ya taka. A 1936 kamfanin Imperial Airways na Ingila ya soma zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano, yana sauka El Fasher, Fort Lamy wato Njamena ta yanzu, da Maiduguri.

Allah ya yi masa rasuwa a 1944, ɗansa Muhammadu Tahir ya gaje shi. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.